An ba ni gurbin Faransanci a jami'a, wane aiki zan yi da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a wata jami'a a nan Arewa. Karatun lauya na nema, sai aka ba ni Faransanci. Babana ya ce bai ga abin da za a yi da shi ba in ban da koyarwa, gara in sake zana JAMB. Ƙawata da ke karanta Larabci ita ma abin da ake gaya mata ke nan a gida. Don Allah wane aiki mai karatun harshen waje zai iya samu? In ci gaba ko in sake lale?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka. Kada ki ga laifin Baba, duk uban da ke biyan kuɗin makaranta da gumin goshinsa irin wannan tambayar zai yi. Ni ma an yi mini ita. Ranar da na kai wa mahaifina takardar samun gurbi, ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "To in ka gama, Faransawan ne za su zo su ɗauke ka?" Yau fiye da shekara ashirin ke nan da wannan harshe nake ciyar da iyalina. Na riƙe alli, na yi fassarar takardu, na yi tafinta a tarurruka, don haka abin da idona ya gani zan gaya miki, mai daɗi da marar daɗi.

Bari in fara da marar daɗin. Da yawa daga cikin waɗanda muka gama tare, yau ba abin da ya haɗa su da Faransanci, wasunsu ko gaishe su aka yi da shi sai sun yi jim kafin su amsa. Abin da ya faru shi ne sun fito da takardar digiri, harshen kuwa sun baro shi a aji. Sun haddace jadawalin aikatau, sun cika takardu da bayanin marubutan ƙarni na 17, sun ci jarrabawa, amma a kira su a waya daga Dakar a yi minti biyar ana magana, sai gumi ya karyo. Wannan fanni yana da wani hali nasa. Mai digirin tattalin arziki zai iya shekara a ofis ba a gane zurfin ruwansa ba. Ke kuwa ranar ganawar ɗaukar aiki, ɗaya daga cikin masu tambaya zai juya harshe ne kawai, kafin minti biyu kowa ya san inda kika tsaya. Saboda haka duk ayyukan da zan lissafa miki a ƙasa na wanda bakinsa ya buɗe ne. Wanda bai buɗe ba, gaskiyar Baba ce, ɓata lokaci yake yi.

Baɗi in Allah ya kai mu za a tura ku Ƙauyen Faransanci na Badagry, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991 don ɗalibai su riƙa yin zaman aji uku a can maimakon a kai su ƙasar waje kamar da. Wannan zaman shi ke raba ɗalibai gida biyu. Tarkon da ke cikinsa kuwa mu 'yan Arewa muka fi faɗawa: da an sauka sai mu nemi juna, mu kama ɗaki ɗaya, mu dafa tukunya ɗaya, mu kwashe watanni muna zuba Hausa a bakin teku, mu dawo yadda muka tafi. Ki yi zumunci, amma ki nemi ƙawar da za ku yi alkawarin ba Hausa ba Turanci tsakaninku daga safe zuwa magariba. Tun kafin lokacin ma, ki mai da wayarki Faransanci, ki riƙa sauraron labaran RFI na Faransanci mai sauƙi kullum, ki kuma buɗe baki da 'yan Nijar da Chadi da Kamaru da suka yi boko, waɗanda ba unguwar da babu su a Kano ko Katsina ko Maiduguri. Za su yi miki dariya. Dariyar nan ita ce kuɗin makarantar. Sannan kafin ki gama, ki je cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française, akwai ta a Kano da Kaduna, ki zana jarrabawar DELF matakin B2, in da hali daga baya ki ƙara DALF C1. Ma'aikatar ilimi ta Faransa ce ke ba da wannan shaida, ba ta tsufa, kuma mai ɗaukar aiki a Abijan ko Yamai ya fi gane ma'anarta a kan sakamakon digirinki.

To ina aikin yake? Ki ɗauko taswira. Ƙasashe huɗu ne suka kewaye Najeriya ta tudu, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, dukkansu kuma da Faransanci ake rubuta takardar gwamnati da ta kotu da ta kwastan. Duk wata hulɗa da ke tsallaka iyaka, ta tsaro ce ko ta ruwa ko ta hatsi ko ta allurar rigakafi, sai an sami wanda zai tsaya a tsakiya. Ma'aikatar harkokin waje tana bukata, haka hukumar shige da fice da ta kwastan a Jibiya da Illela da Maigatari da Gamborun Ngala da Seme, haka hukumomin tsaro. Ba zan ɓoye miki ba, aikin gwamnati a ƙasar nan sai an buɗe ƙofa, in an buɗe ma kin san yadda ake yi. Ki nema, amma kada ki jingina rayuwarki da shi.

Sai ƙungiyoyin ƙasashe. Hedikwatar ECOWAS, wadda maƙwabtanmu ke kira CEDEAO, tana Abuja, majalisarta da kotunta ma suna can, kuma da harsuna uku take aiki: Turanci da Faransanci da na Fotugal. Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 tana Injamena, hukumar kula da Kogin Kwara tana Yamai, hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar ma tana Yamai. Bankin Raya Afirka yana Abijan, da Turanci da Faransanci yake aiki. Tarayyar Afirka tana Addis Ababa. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi da Bankin Musulunci suna Jidda, harsunansu Larabci da Turanci da Faransanci. A nan akwai abin da ɗalibai ba su cika lura da shi ba. In kika duba tallan guraben waɗannan wurare, kaɗan ne ke cewa ana neman mai fassara. Akanta suke nema, ko jami'in sayayya, ko masanin noma, ko lauya, ko jami'in watsa labarai, sai a ƙasa a rubuta cewa dole ya iya biyu daga cikin harsunan aiki. Ashe ke nan harshen tsani ne, sai an jingina shi da wani bango. Wanda ya haɗa Faransanci da wata sana'a ta biyu ya tsere wa ɗan Najeriyar da ke da sana'ar ba harshe, ya kuma tsere wa wanda ke da harshen ba sana'a. Cikin duk shawarar da zan ba ki, in ɗaya za ki ɗauka, to ki ɗauki wannan.

Ke da ranki ke son aikin lauya, sai in ce ma faɗuwa ta zo daidai da zama. Akwai tsarin dokar kasuwanci da ake kira OHADA, wanda aka sa hannu a kansa a 1993, ƙasashe 17 ke bin sa, ciki har da maƙwabtanmu huɗun nan, babbar kotunsa tana Abijan. Bankin UBA yana da rassa a Chadi da Kamaru da Benin da Senegal da wasu ƙasashen, kamfanin simintin Dangote yana da masana'antu a Senegal da Kamaru da Kongo. Duk kamfanin Najeriya da ya tsallaka can, yarjejeniyarsa da takardun rajistarsa da tsarin lissafin kuɗinsa a ƙarƙashin wannan doka suke, da Faransanci. Lauyoyinmu dokar da muka gada daga Ingila suka karanta, kaɗan ne cikinsu za su iya buɗe takardar kotun Duwala su gane me ta ce. Kina iya gama Faransancin ki koma ki yi digirin lauya ta hanyar shiga kai tsaye, ki je makarantar horas da lauyoyi, ki fito da abin da 'yan ajinki ba su da shi. Hanyar tana da tsawo, ban ce gajera ba ce. In kuma kin ga ba za ki iya ƙarin shekarun ba, digiri na biyu a hulɗar ƙasashe ko lissafin kuɗi ko aikin jarida ko kiwon lafiyar al'umma duk bango ne da tsanin zai jingina.

Yanzu bari in yi miki bayanin sana'ata, tunda ita ce mutane suka fi hange kuma suka fi rashin fahimta. Fassarar rubutu daban, tafinta daban, kuma ba kowane mai jin harshe biyu ne zai iya ko ɗaya daga ciki ba, kamar yadda ba duk mai hannu biyu ne maɗinki ba. Tafintan babban taro a wani ɗan akurkin gilashi yake zama a bayan zaure, da abin ji a kunne. Mai jawabi yana magana kina fassarawa a lokaci guda, kina bin sa a baya da 'yan daƙiƙoƙi, kunne yana kama jimlar da ke zuwa, baki yana sakin wadda ta wuce. Saboda nauyin abin, mutum biyu ake sawa, suna karɓar juna duk bayan kamar rabin awa. Kwana biyu ko uku kafin taro kina karanta takardunsa kina tara kalmomi, yau a kan cutar shan inna, jibi a kan harajin shigo da kaya, mako mai zuwa a kan takin zamani. Ana biya da yini, kuma kuɗin yana da kauri idan aka kwatanta da albashi, sai dai akwai watan da za ki yi taro uku, akwai wanda waya ba za ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. Ana koyon wannan aiki ne bayan digiri. Makarantar ASTI ta Jami'ar Buea a Kamaru tun 1985 take horas da masu fassara da tafintoci, Jami'ar Ghana da ke Legon ma tana da digiri na biyu a fannin. A gida kuma akwai ƙungiyar masu fassara da tafintoci ta NITI, yana da kyau ki san da ita tun kina ɗaliba.

Abin da ke kayar da tafinta ba manyan kalmomi ba ne, lambobi ne. Bafaranshe in zai ce 97 sai ya ce quatre-vingt-dix-sept, wato ashirin huɗu da goma da bakwai, kafin ki gama lissafi ya wuce jimla biyu. Amma ni kunyar da na fi sha a Hausa na sha ta. A farkon shigata harkar, an ɗauke ni tafinta tsakanin wata ƙungiyar agaji da fataken hatsi a wani garin kan iyaka. Wani dattijo ɗan Nijar ya ce buhun gero jikka ashirin. Ni da na tashi a inda jaka ɗaya take naira 200, sai na juya na ce wa Baturiyar ƙungiyar dubu huɗu. Ta washe baki ta fara rubutu. Allah ya taimake ni wani yaron dattijon ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya ji abin da na faɗa, ya ce a'a mushe, dubu ashirin. A can jikka sefa dubu ce, dala kuma sefa biyar. Da an tashi a haka, da an ce tsohon ya yi magana biyu, alhali ni na yi ɓarnar. Tun daga ranar, duk lambar da aka faɗa sai na rubuta ta na nuna wa mai ita. Kin san tun zamanin Turawa sunan tafinta bai yi kyau a ƙasar Hausa ba, saboda waɗanda suka riƙa murɗe magana tsakanin Joji da talakawa don cika aljihunsu. Amana ita ce jarin wannan sana'a: ba ƙari, ba ragi, ba sassauta zafin magana don kina jin nauyin mai ita, abin da kika ji a ɗaki kuma a ɗakin zai tsaya.

Wannan labari ya kawo ni kan abin da ɗalibanmu suka fi rainawa, wato Hausar da suka sha a nono. In fassara tsakanin Turanci da Faransanci ce kawai, 'yan Kamaru sun riga mu nisa, da yawansu da harsunan biyu suka tashi, ga 'yan Togo da Benin da Senegal. A wannan fage ke baƙuwa ce. Amma mutumin da ya riƙe Hausa da Turanci da Faransanci, ukun duka da kyau, har yana iya rubuta su, ba shi da yawa. Tun da rikicin Boko Haram ya tarwatsa mutane tsakanin Borno da Diffa da sansanin Minawao na Kamaru da yankin Tafkin Chadi, ƙungiyoyin agaji irin su ƙungiyar likitoci ta MSF suke aiki a ɓangarorin iyakar duka, rahoto yana zuwa da Faransanci, ana tattaunawa da Turanci, mutanen da ake yi dominsu kuma Hausa da Barbarci suke ji. In kina da Fulatanci ko Barbarci a kan Hausar, to kin ƙara daraja. Haka gidajen rediyo: BBC tun 1957 take Hausa, DW tana yi daga Bonn, RFI ta buɗe sashen Hausa a Legas a 2007, TRT Afrika ta zo a 2023, ga rediyon ƙasar Sin. Rabin aikin ɗakin labarai fassara ce cikin gaggawa, kuma mai iya sauraron jawabin shugaban Chadi ko na Mali kai tsaye ya juya shi Hausa ba sai ya jira na Turanci ba, editoci ba sa wasa da shi. Sai dai abin da ya sami Muryar Amurka a 2025, da gwamnatinsu ta janye kuɗi aiki ya tsaya, ya isa ya nuna miki cewa ko waɗannan manyan gidaje ba dutse ba ne.

Amma fa jin Hausa daban, iya rubuta ta daban. Na sha karɓar aikin gwaji daga masu digiri da ba su san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta ba, ba ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, jimla kuma Turanci ce aka sa wa riga da hula. In jami'arku ta ba da damar ɗaukar darasi daga sashen harsunan Najeriya, ki ɗauki na ƙa'idojin rubutun Hausa da na fassara. Ki kuma saba kunnenki da Hausar Nijar, inda kwastan yake duwan, makaranta take lakwal, asibiti kuma likita.

Na san za a ce miki inji ya kashe fassara. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yanzu kuma suna juya wasiƙa ko labari tsakanin Turanci da Faransanci cikin ƙiftawar ido, kuma ba laifi. Irin ƙananan ayyukan da muka fara cin abinci da su sun ragu, farashin kalma ya faɗi, kamfanoni da yawa yanzu inji suke ba wa ya fassara, sannan su kira mutum ya gyara a biya shi ƙasa da na da. Wanda ya ce miki ba abin da ya canza, bai daɗe da leƙa kasuwar ba. Abin da ya rage a hannun mutum shi ne inda kuskure ke da tsada kuma ake bukatar wanda zai sa hannu ya ɗauki alhaki: yarjejeniyar kasuwanci, takardun kotu, bayanin magani, takardun makaranta da za a kai ofishin jakadanci, da zaman sulhu ko ciniki inda ake karanta fuska tare da magana. A ɓangaren Hausa kuwa injin har yanzu yana tuntuɓe, kamfanonin da ke ƙera shi ma suna ɗaukar masu harshen su duba masa aiki. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ki koyi kwamfuta sosai, ki koyi manhajojin masu fassara irin su Trados da memoQ, akwai OmegaT ta kyauta da za ki fara da ita. Wannan ɓangare yana da wani alheri gare ku mata: ana yin sa daga ɗaki, aure ko goyo ba sa hana shi, na san matan da ke riƙe da gidajensu da shi. Ki dai kula da 'yan damfara a intanet. Duk wanda ya ce ki biya kuɗi kafin ya ba ki aiki, ɓarawo ne, babban aiki daga baƙon da ba ki sani ba kuma ki karɓi wani abu a gaba.

Kada kuma ki ɗauka sai mai kwat da jakar hannu ne ke bukatar harshe. Ki shiga Kantin Kwari ko Dawanau ki ga masu saye daga Nijar da Chadi da Kamaru har da Afirka ta Tsakiya. Cinikin baka da Hausa ake yi, amma takardar kaya da ta banki da saƙon da za a aika wa kamfanin sufuri a Kwatano ko Lome, nan ake neman mai boko. Alhazai da yawa suna biyan la'ada mai yawa ga dillalan da aikinsu kawai su karanta takarda su buga waya.

Ƙawarki mai Larabci ki ce mata ta kwantar da hankalinta, amma ita ma akwai gyara. Masu Larabcinmu sun fi mu ƙarfin nahawu nesa ba kusa ba, rauninsu biyu ne: Turanci da kwamfuta, sai kuma Larabcin titi. Wanda ya ƙware a fusha, wato Larabcin littafi, zai sauka Alƙahira direban tasi ya yi masa magana ya rasa ta cewa, don abin da ake yi a kasuwar Masar ko Sudan ko Jidda ya sha bamban da na littafi. In ta gyara waɗannan, ƙofofinta suna da yawa. Akwai aikin Hajji da Umara, daga hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da aka kafa a 2006 zuwa hukumomin alhazai na jihohi da kamfanonin jirgin yawo, duk suna hulɗa da Saudiyya shekara duka, kuma alhazai mata sun fi sakewa da jami'a mace. Akwai masu zuwa asibiti Masar da Saudiyya da Dubai da ke neman mai tsaya musu gaban likita. Akwai ofisoshin jakadancin ƙasashen Larabawa a Abuja, akwai kotunan shari'a ga wanda ya haɗa da karatun doka. Sannan harkar kuɗi ta Musulunci tana girma a idonmu: bankin Jaiz ya fara a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na farko a 2017 don gina hanyoyi. Mai iya karanta babin murabaha da ijara, wato ciniki da riba sananniya da haya, a littafin fiƙihu da asalin harshensa, ya kuma fahimci lissafin banki, ana neman sa. Ita ma za a kai su Ƙauyen Larabci, wanda asalinsa a Ngala yake a jihar Borno. Da ma ku biyun za ku yi musaya, ki koya mata Faransanci ta koya miki Larabci, don a Chadi harsunan biyu ne na gwamnati, a Maroko da Aljeriya da Tunisiya ma tare suke tafiya.

Sauran harsunan zan taɓa su sama-sama. Sinanci yana da kasuwa a fili: kamfanin CCECC ne ya gina layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, 'yan Sin ne suka gina matatar man Soraz kusa da Damagaram da bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, ga fatakenmu da ke zirga-zirga Guangzhou. Akwai cibiyoyin Confucius a Jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe a Awka, jarrabawarsu HSK. Harshen Fotugal masu shi sun yi ƙaranci a tarurrukan yankinmu, kuma ga mai Faransanci ba shi da wuyar kamawa, kamfanin Mota-Engil da ke aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi ma na ƙasar Fotugal ne. Turkanci na tafiya da cinikin Istanbul da tallafin karatun gwamnatin Turkiyya, Jamusanci kuma ya fi amfanar ma'aikatan jinya da masu son karatu a Jamus. Amma kada ki tara harsuna huɗu kowanne iya gaisuwa. Ki dafa ɗaya ya nuna tukuna.

Koyarwar da Baba ya ambata kamar abin ƙi, ni ban raina ta ba, da ita na fara, ita ce ma ta gyara mini nahawu, don ba abin da ke tona asirin rashin sani kamar tambayar yaro ɗan aji ɗaya. Tun 1996 Janar Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, aka sa shi a manhajar makarantu, amma har yau malamai ba su wadata ba, musamman a Arewa. Albashin gwamnati dai kin san shi. Manyan makarantun kuɗi na Abuja da Kano da Kaduna sun fi biya, in kina da shaidar difilomar koyarwa ta PGDE da rajistar hukumar malamai ta TRCN. Akwai kuma wata sabuwar kasuwa: tun 2023 Kanada ta ware wa masu jin Faransanci hanya ta musamman a tsarin shige da ficenta, sai ga likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan banki suna neman mai koya musu don su ci jarrabawar TEF ko TCF, da yawa ta intanet, da dare bayan an tashi aiki.

Wataƙila Baba yana sauraron rediyo, zai ce miki ai maƙwabtan ma sun kori Faransa. Haka ne. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, bayan sun kafa ƙawancensu na ƙasashen Sahel, wato AES, tun 2023, a 2025 ɗin kuma Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ta mai da Faransanci da Turanci harsunan aiki. To amma korar sojan Faransa abu ne na wata guda, sauya harshen da aka rubuta dokoki da littattafan makaranta da takardun asibiti na shekara sittin kuwa aikin zamani guda ne. Shugabannin ƙasashen ukun in sun haɗu, da Faransancin suke magana da juna. In ma Nijar ta ɗauki maganar Hausa da gaske, wa zai juya dokokin da littattafan daga Faransanci zuwa Hausa in ba irinki ba?

Saura tambayarki ta ƙarshe, ko ki ci gaba ko ki sake lale. Ba zan yanke miki ba, don na ga waɗanda aka cusa wa fannin suka zo suka fi kowa, na kuma ga waɗanda suka yi shekara huɗu suna jan ƙafa ransu na wani wuri. Harshe ba ya shiga kan wanda ke ƙin sa. Ga gwajin da nake ba ɗalibaina. Yau da dare ki ɗauki wayarki ki naɗi muryarki minti uku, ba takarda a gabanki, kina bayanin yadda ake tuwon shinkafa da miyar taushe da Faransanci. Za ki ji kunyar abin da zai fito, ki ajiye shi haka nan. Daga gobe ki ba harshen awa ɗaya kullum ban da karatun aji, rabi sauraro, rabi magana da mutum mai rai. Bayan wata shida, kafin a rufe sayar da fom ɗin JAMB, ki sake naɗar bayanin tuwon nan. In kin ji ba bambanci, kuma awa ɗayan nan ta zame miki azaba, ki sayi fom ɗinki ba tare da jin kin gaza ba. In kuwa kin ji harshe ya saki, ki kai wa Baba wayar ki kunna masa na farko da na biyu. Ba sai yana jin Faransanci ba zai gane wanne ne wanne. Ki gaishe min da shi.